Kundin aikin haɗakar shaida na ɗakin karatunmu, Janairu zuwa Maris 2025

Litinin, 13 ga Janairu

Yau kwamitin ɗakin karatu ya amince mu fara aikin, kuma shugaban ɗakin karatu ya umarce ni da in riƙa rubuta abin da ake ciki, domin kada wanda zai gaje ni ya fara daga tushe. Matsalar da ta kawo mu nan tsohuwa ce. Jami'a tana biyan kuɗin mujallun bincike duk shekara, amma kamfanonin ɗab'i suna gane mu ne ta lambar IP, wato adireshin intanet, ta harabar jami'a kawai, saboda haka malamin da ya koma gida ya kunna datar wayarsa baƙo ne a wurinsu, sai ya ga an nemi ya biya daloli a kan maƙalar da jami'a ta riga ta biya. Galibin malamanmu kuwa da dare suke karatu, a gida. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce kalmar sirri guda ta kowa da kowa. Har yau akwai wata takarda ruwan ɗorawa manne da salatif a gefen teburin karɓar baƙi, an soke layi uku an rubuta na huɗu, kuma babu wanda zai iya cewa ga iyakar wayoyin da hotonta ya shiga.

Abin da muke son kafawa shi ne a bar jami'a ta tsaya wa mutanenta. Mai bincike zai je shafin mujalla, ya zaɓi sunan jami'arsa, a dawo da shi shafinmu ya sa sunansa da kalmar sirrinsa, mu kuma mu aika wa kamfanin saƙo mai sa hannu cewa wannan namu ne. Kalmar sirrin ba ta barin hannunmu. Tsarin saƙon shi ne SAML 2.0, wanda ƙungiyar OASIS ta tabbatar a 2005. Ita kuwa haɗakar, ƙungiya ce ta jami'o'i da masu bayar da hidima waɗanda suka sa hannu a kan ƙa'ida ɗaya, ta yadda ba sai kowace jami'a ta ƙulla yarjejeniyar fasaha da kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Mun auna hanyoyi uku. Ta farko EZproxy ce, manhajar da OCLC ta mallaka tun 2008, wadda ke bi da mai karatu ta sabar jami'a, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, domin kamfani ya ɗauka yana cikin haraba. Tana aiki, amma duk abin da aka sauke sai ya ratsa ta layin intanet ɗinmu, wanda dama da ƙyar yake ɗaukar nauyin da ke kansa. Ta biyu OpenAthens ce ta Jisc a Birtaniya, inda su ke riƙe da komai mu kuma mu biya da kuɗin waje duk shekara. Ta uku Shibboleth, manhajar bayar da shaida wadda ƙungiyar Internet2 ta faro a Amurka kuma aka saki sigarta ta farko a 2003. Kyauta ce, sai dai ɗawainiyarta a kanmu take. Mun zaɓi Shibboleth, siga ta 5, wadda ke buƙatar Java 17. Ba don ta fi sauƙi ba ne. Dalilin shi ne ba na son aikin ya tsaya duk ranar da canjin dala ya motsa.

Talata, 21 ga Janairu

An ba mu tsohuwar saba guda daga sashen ICT. Mun share ƙurar hunturu daga cikinta, mun ɗora Linux, da Jetty mai gabatar da shafukan intanet, da Shibboleth. Shafin shiga ya bayyana kafin La'asar.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na yi zaton manhaja ce za ta ba mu wahala, ashe jerin sunayen mutanenmu ne. Shibboleth ba ta ajiye sunan kowa. Tana tambayar kundin LDAP ne, wato ma'ajiyar sunaye da kalmomin sirri, shi kuma kundin sai mun cika shi. Na karɓi jerin ma'aikata daga ofishin magatakarda, wani daga ofishin albashi, na ɗalibai kuma daga makarantar karatun gaba da digiri, kuma babu biyu daga cikinsu da suka yi daidai. Mutum guda ya fito Muhammad a nan, Mohammed a can, Muhd a na uku. Wani a jeri ɗaya sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a ɗayan kuma sunan garinsu. Mutanen da aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa sun yi yawan da ranar haihuwa ba za ta raba mana gardama ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na ga sunayen malamai biyu da na halarci jana'izarsu, Allah Ya jiƙansu, har yanzu suna cikin jerin masu aiki.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk tsarin a kan amana ya ginu. Idan muka ce wa kamfani wane ma'aikacinmu ne, ba zai bincika ba, zai karɓi maganarmu. Idan jerinmu ya ƙunshi wanda ya yi ritaya shekara biyar da ta wuce ko ɗalibin da aka kora, to mun yi shaidar zur da sa hannun jami'a, kuma mun saɓa wa yarjejeniyar lasisi. Na shaida wa mataimakina cewa za mu dakatar da duk wani aikin manhaja sai mun gyara wannan.

Laraba, 29 ga Janairu

Na samu ganin magatakarda. Da farko ya ɗauka ina neman a ba ni fayilolin ma'aikata ne, ya ce hakan ba zai yiwu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, abu huɗu kawai nake buƙata: lambar ma'aikaci, suna, sashe, da kuma ko yana aiki ko ya bari." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni wa zai ɗauki laifi idan aka cire sunan farfesa bisa kuskure. Tambaya ce mai kyau. Mun tsaya a kan cewa ofishinsa zai riƙa aiko da jeri a farkon kowane wata, kuma wanda sunansa ya ɓace daga jerin ba za a goge shi ba, za a dakatar da asusunsa ne har kwana 30 a jira bayani. Lambar ma'aikaci da lambar rajistar ɗalibi su ne za su zama ginshiƙi, ba suna ba, kuma ba za a taɓa ba wani sabon mutum sunan shiga da wani ya taɓa amfani da shi ba, domin kada ya gaji abin da na farkon ya ajiye a shafukan waje.

Saura rukunin da ba su da gurbi a kowane jeri: malaman da suka zo sabatika, malamai masu ziyara, masu yi wa ƙasa hidima, da likitocin asibitin koyarwa da ke koyar da ɗalibanmu amma albashinsu daga wani wuri yake. Ƙa'idar eduPerson, wadda ke tsara yadda ake bayyana mutanen jami'a a saƙon shaida, ta tanadi matsayi takwas, ciki har da na ɗalibi, na malami, na ma'aikaci, na mamba, na mai alaƙa da jami'a, da na wanda ya shigo ɗakin karatu da ƙafarsa. Wane ne zai shiga wane gurbi, wannan hukuncin kwamiti ne, na kuma miƙa musu.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Tsaftace jeri. Ɗaliban koyon aiki biyu suna taimakawa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Tun Asabar gwajin shiga ya daina aiki. Mutum zai sa kalmar sirri daidai, shafinmu ya karɓa, amma da an mayar da shi shafin gwaji sai a ce saƙon ya daina aiki. Mun sake duba satifiket ɗin sa hannu, mun sake ɗora kundin metadeta, wato bayanan da sabobi ke gane juna da su, mun kashe mun kunna, duk a banza. Mataimakina ya yi zargin bambancin lokaci ne, tun da saƙonnin SAML da agogon duniya na UTC ake rubuta su, Najeriya kuma tana gaba da shi da awa ɗaya. Hasashen ya kusa, amma ba nan matsalar take ba. Jiya da yamma ina zaune gaban sabar, na ɗaga wayata na ga 5:41, allon kuma yana nuna 5:32. Minti tara.

Ga abin da ya faru. Daren Juma'a wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba, batiran inbata suka ƙare, sabar ta mutu har safiya. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogonta ya raunana, sai ta tashi a makare. Da ta gyara kanta ta hanyar NTP, hidimar daidaita agogo ta intanet, amma katangar tsaron jami'a ta toshe ƙofa ta 123 da wannan hidimar ke bi, kuma babu wanda ya lura domin babu abin da ya taɓa dogara da ita haka. Saƙon shaida kuwa ɗan gajeren rai gare shi da gangan, domin kada wanda ya sace shi ya yi amfani da shi daga baya, kuma Shibboleth a tsarinta na asali minti uku kawai take yafewa na saɓanin agogo. Kwana uku muka ɓata a kan batirin da na saya naira 1,000 a bakin ƙofar jami'a. An buɗe ƙofar NTP yau da safe.

Darasin da ya fi batirin girma shi ne idan sabar shaida ta mutu, babu wanda zai shiga ko'ina. Na rubuta wa shugaban ICT takarda ina neman ɗaya daga cikin biyu: sababbin batiran inbata, waɗanda aka yi mana ƙiyasin naira 640,000 na guda biyu, ko kuma mu yi hayar saba a waje a kan kimanin dala 24 a wata. Ni na fi karkata ga haya, amma kundin kalmomin sirri zai ci gaba da zama a haraba, don haka hayar kaɗai ba za ta raba mu da matsalar wuta ba sai an ajiye kwafinsa a can, wannan kuma wata muhawara ce.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mun aika da takardun neman shiga haɗaka, da sa hannun mataimakin shugaban jami'a. An nemi mu bayyana a rubuce yadda muke buɗe asusu da yadda muke rufe shi, da wanda za a kira idan an samu kutse. Da ba mu yi zaman 29 ga Janairu ba, da ba mu da abin rubutawa.

Domin wanda zai karanta wannan daga baya: haɗakar ƙasa ba ita ce iyaka ba. Haɗakokin ƙasashe suna haɗuwa a eduGAIN, wadda GÉANT, ƙungiyar sadarwar bincike da ilimi ta Turai, ke gudanarwa tun 2011, kuma ta nan ne jami'a a Najeriya za ta iya bayyana a shafin kamfanin da ke Holan ko Ingila. Afirka ta Kudu tana da tata haɗakar, SAFIRE. Akwai kuma eduID.africa, wadda ƙungiyoyin sadarwar bincike da ilimi uku, wato WACREN mai hedikwata a Akara da UbuntuNet Alliance da ASREN, suka haɗu a kanta domin cibiyoyin da ƙasashensu ba su kafa tasu ba tukuna.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Zaman kwamiti ya yi zafi, kuma a kan abin da ban yi tsammani ba. Na gabatar da jerin bayanan da za mu riƙa sakar wa kamfanonin ɗab'i, abu biyu kacal: matsayin mutum haɗe da sunan yankin jami'a, wato abin da ke bayan alamar @ a adireshin imel, da wata lamba marar ma'ana wadda ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ta yadda kamfani zai gane mutumin jiya ne ya dawo amma ba zai san ko wane ne ba, kuma kamfanoni biyu ba za su iya haɗa bayanansu su gano shi ba. Babu suna, babu imel. Wani babban malami ya ce wannan asara ce. Tun da yanzu kowa zai shiga da sunansa, ya kamata a riƙa fitar da rahoton abin da kowane malami ya karanta, a ga masu aiki da masu barci, har a yi la'akari da shi wajen ƙarin girma.

Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ranar da malamai suka san ana ƙirga abin da suke karantawa, a ranar za su koma wa takarda ruwan ɗorawa." Shugaban ɗakin karatu ya ƙara da cewa sirrin mai karatu tsohuwar ƙa'idar aikinsu ce, tun zamanin katin aro. Na kuma tunatar da su Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta wajabta kada a tara bayanan mutum fiye da buƙatar da aka bayyana. An amince da alƙaluma na jimla kawai, sashe sashe. Gaskiyar magana, rajistar sabarmu tana nuna wa ya shiga wane kamfani da wane lokaci, ko da ba ta nuna maƙalar da ya buɗe ba, saboda haka na nemi a ƙayyade kwanakin ajiye ta da waɗanda za su iya gani. An tsayar da kwana 90 da mutum biyu.

Akwai togaciya guda. Dandalin haɗin gwiwar masu bincike, inda dole abokan aiki su san juna, suna buƙatar suna da imel. REFEDS, dandalin haɗakokin shaida na duniya, ta ware musu rukuni na musamman na bincike da ilimi, kuma kwamiti ya yarda a saki waɗannan bayanan ga wanda haɗaka ta tantance a cikin rukunin kaɗai.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An sa mu a kundin haɗaka. Na ƙara tambarin jami'a, da gajeren sunanta da tsohon sunanta a matsayin kalmomin nema, domin da su mutane suka san ta. Tun da metadeta tana karɓar suna a harshe fiye da ɗaya, na sa na Hausa a gefen na Turanci.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar, ana tashi aiki da wuri. Gwaji da malamai goma ya yi kyau, amma na ɗaliban digiri na uku ya faɗi gaba ɗaya: suna shiga, amma shafin waje yana ganinsu ba su da wani matsayi. Laifina ne. Adireshin ɗalibai yana ƙarƙashin wani reshen yanki daban da na ma'aikata, ni kuma yanki ɗaya kawai na bayyana a metadeta, sai shafin waje ya riƙa watsar da duk matsayin da ya zo da yankin da ba a yi rajistarsa ba. Haka aka tsara shi, domin kada wata jami'a ta yi shaida da sunan wata. Maimakon in nemi a ƙara yanki na biyu, na sa kowa ya riƙa fita da babban yankin jami'a, domin kamfanoni su samu abu guda da za su riƙe.

Talata, 11 ga Maris

Na ɗauka da mun bayyana a eduGAIN shi ke nan. Ba haka ba ne. Wata malama daga sashen kimiyyar harhaɗa magunguna ta zo da kwamfutarta ta nuna mini: ta zaɓi jami'a, ta shiga, an dawo da ita, sunan jami'a yana saman shafi, amma maƙalar tana nan a kulle da farashinta. Kamfanin ya yarda ita tamu ce, sai dai bai haɗa shaidarmu da asusun da muke biyan kuɗi a kansa ba. Wannan sai an rubuta wa kowane kamfani daban, a ba shi lambar shaidar sabarmu da sunan yankinmu, wani kuma yana son a aiko masa da wata alama ta musamman da ke nuna mutum ya cancanci kayan ɗakin karatu. Mun rubuta wa shida. Biyu sun gyara cikin kwana biyu. Ɗaya ya ce sai dillalin da muka yi rajista ta hannunsa ya nema, dillalin kuma bai san abin da ake magana a kai ba, na shafe rabin awa a waya ina yi masa bayani. Uku shiru.

Wani abin da ya faranta mini rai shi ne maɓallin zaɓen jami'a na SeamlessAccess da ke shafukan manyan kamfanoni da yawa. Aikin ya samo asali ne daga shirin RA21, kuma ƙungiyoyin NISO da STM da GÉANT da Internet2 ne ke bayansa. Da mutum ya zaɓi jami'arsa sau ɗaya, burauzarsa tana tunawa, sai ya tarar da sunanta a shirye a shafin kamfani na gaba. A wasu wayoyin da ke tsaurara sirri ba ta tunawa sai an ba ta izini, kuma wannan sai mun sa shi a takardar koyarwa.

Talata, 18 ga Maris

Matsalar kwamfutocin da kowa ke amfani da su. Wani ɗalibi ya shiga a ɗakin kwamfuta na ɗakin karatu, ya tashi ya tafi salla, wanda ya zauna bayansa ya tarar da komai a buɗe da sunansa. Fita daga shafi ɗaya ba ta fitar da mutum daga sauran, kuma ba kowane kamfani ne ke amsa saƙon fita na bai ɗaya ba. Mun rage tsawon zaman shiga, mun saita kwamfutocin ɗakin su goge komai da an rufe burauza, mun kuma manna sanarwa a kan kowane allo. A cikin haraba za mu bar tsohon tsarin IP yana aiki saboda baƙin da ke shigowa karatu.

Wani dattijon farfesa ya zo a sake masa kalmar sirri karo na uku. Ya zaro ƙaramin littafi daga aljihun babbar rigarsa, inda ya rubuta ta a ƙasan lambobin waya, ashe yana sa babban baƙi a inda ƙarami yake. Na zauna da shi har ya buɗe maƙala a wayarsa da datarsa. Ya dube ta, ya ce, "To yanzu ko a ƙauye nake zan samu?" Na ce in dai akwai sabis. Na kuma nuna masa yadda zai haɗa asusunsa na ORCID, wato lambar tantance mai bincike, da shaidar jami'a, ya ce wannan sai bayan Salla.

Talata, 25 ga Maris

Kamfanoni huɗu cikin shida suna aiki yanzu. An amince da sayen batiran inbata, an jingine maganar haya. Abin da aka kashe zuwa yau, ban da batiran: naira 1,000 ta batirin agogo, 45,000 na alawus ɗin ɗaliban da suka tsaftace jeri, da 18,000 na buga takardun koyarwa. Satifiket ɗin tsaron shafin shiga na hidimar Let's Encrypt ne, kyauta, kwana 90 yake yi, na kuma gwada sabunta kansa ya yi.

Jerin watan Maris daga ofishin magatakarda ya zo a makare da kwana 12, kuma a hoton takarda maimakon fayil, sai da muka sake buga shi da hannu. Bayan hutun Salla zan koma can da samfurin fayil ɗin da muke so. Sai kuma hanyar da mutum zai sake kalmar sirrinsa da kansa ta saƙon waya, wadda ke buƙatar kuɗin saƙonni da kuma tabbatar da lambobin wayar ma'aikata, sannan ɗora eduroam, tsarin shiga Wi-Fi na jami'o'i da shaida ɗaya, a kan wannan kundin na LDAP. Kwamiti bai yanke hukunci a kan likitocin asibitin koyarwa ba tukuna, an ɗage zuwa zaman Afrilu. Takarda ruwan ɗorawa za ta ci gaba da zama a gefen tebur har sai kamfanoni biyun da suka rage sun amsa.